Yaye Ɗaliban Mulki: Daga Aji Zuwa Hidimar Talakawa

Jawabin da aka gabatar a ƙofar fada ranar karrama ƴaƴan ƙasa da suka kammala karatun sha'anin mulki



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Sarkin sarakuna, wanda ya raya mu har muka ga wannan rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mai girma Gwamnan jiha, mai girma Perefe, da sauran wakilan hukuma, farar hula da masu kaki. Iyayenmu sarakuna da suka tako daga kusa da nesa. Ƴan majalisar fada, masu gari, masu unguwa da shugabannin rugage. Limamai da malamai. Iyayenmu mata. Manoma, makiyaya, ƴan kasuwa da masu sana'a. Sa'an nan ku ƴaƴanmu da ƙannenmu, maza da mata, waɗanda aka taru dominku a wannan hantsi. Ina yi wa kowa barka da zuwa, da barka da buki.

Kwamitin shirya bukin cikar wannan sarauta shekara 100 ya ga ya dace, bayan hawan dawaki da kiɗan taushi da karanta tarihin magabata, a keɓe yini guda domin karrama ƴaƴan ƙasar nan da suka kammala karatun mulki da tafiyar da al'amuran jama'a, waɗansu a makarantar horar da ma'aikatan mulki ta ƙasa, wato ENA da ke Yamai, waɗansu kuma a jami'o'inmu. Kwamitin ya umurce ni da in yi magana da yawunsa. A wurin nan akwai waɗanda suka fi ni ilimi nesa ba kusa ba, har cikin yaran da za a miƙa wa kyauta. Abin da na zo da shi kunne ne. Aikin gidan rediyo ya sa kullum ina jin koke-koken talakawa daga bakinsu, kuma abin da suke faɗa game da ma'aikacin hukuma shi zan kawo muku, tare da abin da tarihin ƙasarmu ya nuna.

Bahaushe yana kiran irin wannan rana yaye, kuma kalmar daga ɗakin uwa ta fito. Idan yaro ya isa a raba shi da nono, al'adarmu ita ce a ɗauke shi a kai shi gidan kakarsa, ya yi ƴan kwanaki yana kuka ana rarrashinsa da kunu da fura, har ya saba da abincin da kowa yake ci. Makaranta ta shayar da ku shekara 16 ko fiye, tun daga ajin farko na lakwal har zuwa difiloma. Yanzu ta yaye ku, kuma fadar nan ita ce gidan kakarku. An kawo ku ne domin ku fara ɗanɗana abincin da za ku ci har ranar ritaya, wato zama da jama'a da ɗaukar nauyinsu. Haka ake yi wa almajirin da ya sauke Alƙur'ani: a yi yanka, a yi walima, washegari kuma malaminsa ya tura shi zaure ya fara littattafan ilimi.

Ranka ya daɗe, jama'a masu daraja, tun da bukin tarihi muke yi, bari mu waiwaya mu ga kujerar da yaran nan za su gada. Shekara ɗari da suka wuce, mai iko a ƙasar nan kwamanda ne, Bafaranshe, yana zaune a bariki. Tsakaninsa da talaka akwai tafinta, da gardi, da sarki. A 1922 aka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka, a 1926 kuma aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. Abin da hukuma take nema wurin talaka a wancan zamani sananne ne: lanho, da ƴan aikin tilas, da samarin da za a kai soja. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Sarakunan lokacin sun ga tsaka mai wuya, domin in sun matsa wa jama'a sai ta tattara ta tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, in kuwa sun sassauta sai kwamanda ya tuɓe rawani. Daga nan muka gaji wani ciwo da har yau bai gama warkewa ba: talaka yana shiga biro gabansa na faɗuwa, ma'aikaci kuma yana zama a kujera yana jin shi ne magajin kwamanda.

Ƴan ƙasa masu karatun boko a lokacin ƴan ƙalilan ne. Wanda ya yi fice sai a tura shi makarantar William Ponty a Senegal, inda Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu, dukkansu kuma malaman makaranta suka fito. Sa'ad da aka sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma da malaman makaranta da akawuna da ƴan likita aka riƙe ƙasa. Don cike wannan giɓi aka buɗe ENA a 1963. A 1971 aka kafa cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, ita ce take ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin kimiyya haifaffen Tasawa. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda ake kira da sunayen Dan Dicko Dankoulodo da André Salifou da Djibo Hamani, kuma ta Tawa ce aka bai wa fannin shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Ilimin da kakanninku sai sun kai bakin teku suke samu, ku kun same shi a ƙofar gida.

To amma nauyin ma ya ƙaru. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 a Nijar, ta 1988 miliyan 7, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17, yau kuwa an haura miliyan 25. A ƙidayar 2012, jihar Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa kowace ta wuce miliyan 3, wato kowace ɗaya ta kusanci yawan mutanen ƙasar duka a ranar ƴancin kai. Mutane sun ninka, gona ba ta ninka ba, rijiya da makiyaya ma haka. Duk gardamar da za ta zo teburinku, in kun bi saiwarta, za ku tarar da wannan lissafi a ƙasa.

Kafin a gina ENA, ƙasar Hausa tana da makarantar mulki, ita ce fada. A Katsinar Maraɗi, Galadima da Ƙaura da Durɓi da Ƴandaka su ne ginshiƙan majalisa. A Gobir akwai Taran Gobir. Iya a Maraɗi da Inna a Gobir suna da nasu iko da nasu zaure. Sarkin Noma, Sarkin Fawa, Sarkin Kasuwa, Sarkin Zango, kowane da fannin da ake tambayarsa a kai, kamar yadda yau ake tambayar darakta. Ɗan sarki kan yi shekaru a gefen zaure bakinsa rufe, yana jin yadda ake raba gado da yadda ake kashe rigimar iyakar gona, kafin a ba shi ko ƙauye guda ya riƙe. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili, wanda ya biyo ta ƙasar Abzin, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ɗan littafi mai babi takwas kan wajiban mai mulki, ya yi bayanin adalci da tara dukiyar baitulmali da hanyar kashe ta, kuma gargaɗin da ya fi nanatawa a ciki shi ne kada shugaba ya sa shamaki tsakaninsa da talakawansa. Wannan darasi na sauraro shi ne abin da nake so ku ƙara a kan difilomarku, kuma zan ba ku misali da itacen da kowa a nan ya sani, wato gawo.

Gawo itace ne mai abin mamaki. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani yake tohuwa, ya ba dabba inuwa da ƴaƴa, ganyensa da kashin dabbar su zama taki. Manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin cewa Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo, ya sa wa mai saransa hukunci mai tsanani. Daga baya dokar gandun daji ta Turawa ta 1935 ta zo, ta 1974 ta biyo sawunta, suka jera itatuwan da aka hana taɓawa, suka sa su ƙarƙashin ikon hukuma ko da a cikin gonar mutum suke. Niyyar masu dokar kare itace ce, kuma masu ilimi ne suka rubuta ta. Sai dai ga abin da ya faru a gona: manomi ya ga in ya bar itace ya girma, ranar da ya sassabe reshe ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara, itacen kuwa ba nasa ba ne. Sai ya riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, domin ya huta da fitina. Ga kuma malaman gona suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas don gyaɗa da garmar shanu. Bayan farin 1973 da na 1984, ƙasa ta zama fili, iska tana binne shuka, manomi yana shuka sau uku a damina ɗaya. Aka kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada.

Maganin ashe yana ƙarƙashin ƙasa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace bazara kututturan manyan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai ga itace. Dabara ce da waɗansu manoma suka riga suka sani, aka raya ta aka kira ta sassaben zamani. Abin da ya sa ta bazu shi ne manomi ya fara samun tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne. Ma'aikatan gandun daji suka rage cin tara suka koma ba da shawara. Garuruwa irin su Ɗan Saga a gundumar Agye suka kafa kwamitocin tsaro, da manoma da makiyaya da mata a ciki, da goyon bayan masu gari. Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin kore a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya bi hanyar Mirya da Matamai da Magarya ya ga gawo da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Ƴaƴana, ku dubi wannan labari da kyau, domin aikinku ke nan gaba ɗaya. Manomin da ya tumɓuke tsiro shi ne manomin da ya raine shi, halinsa bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne lissafin da doka ta sa shi yi. Da waɗanda suka rubuta dokar farko sun zauna a gindin gawo sun tambayi mai gona abin da zai yi in aka ce itacen ba nasa ba ne, da ya faɗa musu cikin numfashi ɗaya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk ranar da aka ba ku alƙalami ku tsara wata doka ko wani shiri, ku fara da wannan tambaya: in wannan takarda ta isa ƙauye, me mutum mai hankali, mai iyali, marar kuɗi zai yi da ita?

Misali na biyu mai ɗaci ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin gundumar Gidan Runji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Ran 2 ga Maris 1993 ƙasa ta fitar da kundin dokokin karkara, wanda ya kafa kwamitocin kula da filaye, daga baya suka sauka tun daga gunduma har komin da ƙauye, inda mai gari yake shugabanta, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Kundin ya tanadi cewa rigimar fili sai ta bi ta hannun sarakuna don sulhu kafin ta je gaban alƙali. A 2010 aka ƙara dokar kiwo. Ƙasashe maƙwabta sun zo sun koyi wannan tsari a wurinmu. Amma kowa a nan ya san kundi ba ya hana saniya shiga gona. Abin da yake hanawa shi ne a fita cikin rana a shata burtali a kafa masa alama, a tsare mashaya kada a nome ta, a sanar da ranar sakin gonaki a kan lokaci bayan an ji ta bakin kowa, a rubuta takardar saye da ta jingina da ta aro tun shaidu suna raye. Wannan aiki ne na sakataren kwamiti da mai gari da ardo, kafaɗa da kafaɗa. Waɗansunku za su zama wannan sakatare. In kun yi shi da kyau ba wanda zai ji sunanku a rediyo, domin mu ba ma ba da labarin rikicin da bai auku ba, amma Allah ya san ran da kuka tsare.

Haka aka gani a fannin lafiya. A 2005 da 2006 hukuma ta sa tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 su zama kyauta. Shiri ne na alheri, iyaye mata suka yi tururuwa zuwa gidajen likita, rayuka da yawa suka tsira. Sai dai kuɗin da ya kamata baitulmali ya mayar wa asibitoci ya riƙa yin jinkiri na watanni har shekaru, ɗakunan magani suka bushe, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je ta sayo. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi wannan al'amari sun rubuta shi dalla-dalla. Wanda ya karanta ilimin tsara manufofi ya san alkawarin da ba a tanadar masa kuɗi ba bashi ne, kuma ƙaramin ma'aikacin da ke gaban jama'a shi ke shan zagin.

Jama'a masu daraja, sai maganar harshe, wadda ta shafi sana'ata. A 1938 Turawa sun ɗauki Diori Hamani, wanda ya riga ya koyar a Yamai da Maraɗi, suka kai shi Paris domin ya koya wa ɗaliban makarantarsu ta horar da kwamandoji Hausa da Zabarmanci. Mai mulkin mallaka ma ya gane ba a riƙe mutane da harshen da ba sa ji. Abin kunya ne a ce ɗan ƙasa, wanda ya sha nono da Hausa, tsohuwa ta zo gabansa ya riƙa yi mata Faransanci don ta san ya yi karatu. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan nauyi ne a kanmu, kada mu mai da shi abin alfahari a kan ƴan'uwanmu. Wanda aka tura cikin Zabarmawa ko Fulani ko Abzinawa ko Barebari ko Tubawa, ya koyi gaisuwarsu tun makon farko, ya nemi mai fassara amintacce. Ku koyi bayyana kasafin kuɗin komin da harshen da mai tallar ƙosai za ta gane, tun da harajin kasuwarta yana ciki. Ƙofofin gidajen rediyo a buɗe suke gare ku, ku zo ku yi wa mutane bayani kafin jita-jita ta riga ku.

Abin da masu saurare suke kuka da shi kuwa ba ya da yawa, kuma kullum shi ne dai. Dattijo ya sayar da kaza ya biya kuɗin mota daga ƙauye don takardar haihuwar jikansa, a ce masa mai sa hannu ya tafi suna, ya dawo gobe. Takarda ta ɓace a biro, ba ta bayyana sai an ba da na goro. Gwauruwa ta yi shekara tana bin haƙƙin mijinta. Ba su taɓa kiranmu suna neman ma'aikaci ya yi abin al'ajabi ba. Suna so ya zo aiki a kan lokaci, ya amsa sallama, ya faɗi kuɗin da doka ta yanka ya ba da rasit, in abu ba zai yiwu ba ya faɗi gaskiya tun farko. Tun daga 1960 ƙasar nan ta ga jamhuriya bakwai da gwamnatocin soja. A 2004 aka zaɓi majalisun komin 265, a 2024 aka rusa majalisun aka naɗa kantomomi. Sarki goma zamani goma, amma teburin da ake rubuta takardar haihuwa yana nan, kuma a wurinsa talaka yake auna hukuma. Ku tuna cewa cikin dalilan da sojoji suka bayar ran 15 ga Afrilu 1974 akwai yadda aka yi da hatsin agajin yunwa. Buhun da aka karkatar a sito yana iya kayar da gwamnati.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar da ke gabanku tana da gargada. Akwai bautar ƙasa ta shekara biyu, akwai jiran jarrabawar ɗaukar ma'aikata, kuma ba kowa zai sami lambar aiki da wuri ba. Kada jira ya sa ku zaman banza, domin komin da ƙungiyoyin manoma da kwamitocin filaye duk suna bukatar mai iya lissafi da rubutu. Wanda kuma aka ɗauka aka tura shi Bilma ko Ngurti ko Tasara, kada ya zo fada neman a yi masa hanya ya zauna Yamai. Mutanen can ƴan ƙasa ne, kuma daga harajinsu aka biya karatunku. Akwai ma'aikata da sarakuna da suka rasa rayukansu a bakin aiki a jihohin Diffa da Tilaberi cikin shekarun nan na rashin tsaro, Allah ya jiƙansu da rahama. Su ne suka nuna mana nauyin kalmar hidima.

Yanzu, da izinin Mai Martaba, zan juyo gare mu iyaye da manyan gari, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaran nan da hannu mai tsabta suka fito. Mu ne za mu fara aika musu cewa ɗan wane yana neman aiki, filin wane yana son takarda, kayan wane sun maƙale a duwan. Mun san albashin ƙaramin ma'aikaci, amma za mu jira ragon layya da kujerar Makka a shekararsa ta biyu, ba tare da mun tambayi inda za su fito ba. Ma'aikacin da ya yi shekara 30 ya yi ritaya a gidan haya muna ce masa bai iya ba. Wanda ya tada bene cikin shekara uku muna ba shi sahun gaba, maroƙa suna wasa shi. Yaro yana gani, kuma abin da gari yake girmamawa shi zai nema. In muna son ma'aikata masu amana, sai mu rage musu kaya, mu kuma daina kai ɗanmu ƙara wurin dangi don ya ƙi taka doka saboda mu. Ƴan mata da ke cikinsu kuma, waɗanda suka fi kowa shan wuya kafin su kai nan, muna roƙon iyaye da mazajen da za su aure su su bar su su yi aikin da aka horar da su dominsa, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa ba sai ga mace ƴar'uwarta.

Magabata sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. A tsarin yau, ƴaƴana, ku ne fadawan ƙasa. Shugaba a Yamai da idonku yake gani, da rahotonku yake yanke shawara. In damina ta yi gardama kuka rubuta cewa an yi albarka don ku faranta wa na sama rai, yunwar da za ta biyo baya da hannunku a ciki. Ku girmama sarakuna, domin doka ta sa su cikin tsarin mulkin ƙasa, kuma sun san abin da ba ya cikin fayil. Kada ku mai da su masu karɓar haraji kawai kamar yadda kwamanda ya yi. Idan kuma doka ta saɓa wa son wani babba, ku je ku same shi a keɓe, ku tuɓe takalmi, ku faɗa masa gaskiya cikin ladabi. Sarkin kirki zai gode muku, ko ba a ranar ba.

Kafin in sauka, ina da roƙo guda biyu a madadin kwamiti. Na farko ga hukumomin makarantu: a riƙa turo ɗaliban mulki su yi ƴan watanni na koyon aiki a fada da komin na karkara, su zauna zaman sulhu, su bi masu shata burtali, su kwana a ƙauye da damina, kafin a ba su difiloma. Na biyu ga Mai Martaba: a buɗe wa waɗannan yara zauren fada tun yanzu, musamman masu jiran aiki, su taimaka wajen rubuta takardun sulhu da adana su, su kuma ɗauki muryar tsofaffin da suka san iyakokin gonaki da tarihin garuruwa tun suna tare da mu. Fada za ta sami kundi, su kuma za su sami ilimin da ba a sayarwa. In Allah ya kai jikokinmu bukin shekara 200, da waɗannan takardu za su rubuta tarihi.

Allah ya yi wa karatunku albarka, ya sa ku fara lafiya ku gama lafiya, ya tsare ku daga dukiyar haram da sharrin mahassada. Allah ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri. Allah ya jiƙan sarakunan da suka riƙe wannan gida shekara ɗari, ya haskaka kabarinsu. Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya ƙara masa haƙuri da adalci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya.